Daga Lagdo Zuwa Ruwan Gishiri: Kurakuran da Masuntanmu Ke Yi In Bazara Ta Gabato

Da zarar hunturu ya fara sassautawa, sai ka ga samari daga Garwa, Lagdo da Maga sun ɗaure kaya sun nufi Ngaundere, su kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, daga nan su gangara Duwala ko Kiribi neman kifin teku. Ni ma haka na tafi, da taƙamar tun ina yaro nake jefa birgi a Binuwai. Ashe baƙo ko da idonsa makaho ne.

Kwanana uku da sauka, na shiga wani lungun ruwa kusa da tsibirin Manoka da ke wajen Duwala, ni da yaron kawuna. Ruwa cike yake har gindin itatuwan nan masu saiwa a waje da ake kira matanda. Muka shimfiɗa kalli, muka ɗaure jirgi, na miƙe ƙafa ina cin burodi. Yaron ya ce mu fita, na ce ya bari kalli ya ɗan sha ruwa. Kafin in ankara, jirginmu na zaune daram a kan taɓo. Na zura ƙafa ɗaya, ta nutse har cinya, na janyo ta ba takalmi. Nan muka wuni, ƙananan ƙudajen nan masu cizo suna shagali a wuyanmu, sai bayan la'asar ruwa ya dawo ya ɗaga mu. Kifin da ya shiga kallin kuwa, abin da ƙaguwa ta rage rana ta ƙarasa. Da muka isa gida kawu bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, a can gida watanni kake ƙirgawa. Nan awa ake ƙirgawa."

Wannan shi ne uban kurakuran, sauran duk 'ya'yansa ne. Ruwan da muka sani sau ɗaya yake cika a shekara. Madatsar Lagdo, tun da aka gama ta a 1982, damina ke cika ta, rani ya janye ta sannu a hankali. Teku kuwa sau biyu take cika a yini da dare, sau biyu ta janye. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da kamar minti 25, shi ya sa kowace rana lokacin yake ja baya da kusan minti 50. In yau ta cika da ƙarfe bakwai na safe, gobe sai wajen takwas saura minti goma. Mutanen bakin teku suna ce wa abin "mare", kuma a bakin kogin Wuri na Duwala bambancin cika da janyewa yakan kai mita biyu ko fiye. Mita biyu a wuri mai shimfiɗaɗɗen taɓo na nufin inda ka bi da inji da safe, da rana tsuntsaye ne ke kiwo a kai.

Gyaran ba shi da wuya, kuma mu da muke bin lissafin watan Musulunci mun fi kowa samun sauƙi, domin wata ne ke jan ruwan. Daga tsayuwar wata zuwa uku gare shi, da kuma daga 14 zuwa 17, ruwa babba ne: ya cika sosai, ya janye sosai, ya yi gudu kamar kogi a tsakiyar damina. Wajen 7 zuwa 9 da 22 zuwa 24 ruwa ƙarami ne, lafawa yake yi. A watan Maris, kusa da 20 ga wata lokacin da dare da rana suke daidaita, babban ruwan yakan fi na yawancin watanni girma. Saboda haka wanda ya iso a ƙarshen Fabrairu ya iso dab da lokacin da teku ta fi tsananin ja. Akwai jadawalin mare a waya, kyauta. Ka duba na Duwala in kana kogin Wuri, na Kiribi in kana can, kada ka haɗa. Ka kuma riƙe wannan: ruwa ba ya tafiya da gudu ɗaya. A awa shidan da yake janyewa, rabinsa a awa ta uku da ta huɗu yake tafiya. Wanda ya ga awar farko ta wuce ruwa bai ragu da yawa ba ya ce akwai sauran lokaci, shi ne zai wuni a taɓo kamar ni.

Daga nan sai kwanan kalli. A Lagdo ka shimfiɗa da yamma, ka kwana a gida, ka ɗauke da asuba. Yi haka a bakin teku ranar babban ruwa, ka tarar da shi a nannaɗe kamar gammo, cike da ganye da ledojin Duwala, in ma ka tarar da shi. Ruwan ya juya sau ɗaya ko biyu kafin gari ya waye, kuma ɗumi gare shi a wannan lokaci, kifin da ya mutu da tsakar dare ya fara laushi kafin asuba. Ka ƙara dalma, ka sa anka mai nauyi a kowane kai, ka shimfiɗa sa'ad da gudun ya fara lafawa, ka tsaya kusa, ka ɗauke kafin ya sake ƙarfi. Awa biyu ko uku sun isa. Kwanakin babban ruwa kuwa na fi son mamari ko ƙugiyar hannu a bakin lungu, inda ruwa mai fita yake koro jatan lande da ƙananan kifi, manya suna jira.

Kuskure na gaba shi ne ɗaukar bazarar gida a kai ta can. A Garwa Maris da Afrilu zafi ne zalla, ruwa ya ja, kifi ya taru wuri ɗaya, masunci yana murna. A bakin teku ranin gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma a Maris ruwan sama yake dawowa. Duk tsawon rani gishiri ya haura cikin koguna da lunguna, kifin teku ya biyo shi. Da kogunan Wuri da Mungo da Dibamba suka fara kawo sabon ruwa, sai su riƙa tura gishirin baya, kifin ya bi abinsa zuwa waje. Lungun da aka nuna maka a Janairu aka ce nan ne gidan kifin da ake kira bar, a Afrilu ba lalle ka same shi a nan ba. Sai ka riƙa matsawa bakin kogi sannu a hankali.

Amma kada ka yi saurin guduwa don ka ga ruwa ya yi ja. Ruwan daɗi ya fi na gishiri rashin nauyi, a sama yake kwanciya. Sau da yawa saman jan ruwan sama ne, ƙasan kuwa gishiri yana nan da kifinsa. Wani tsoho ɗan Duwala ne ya nuna mini dabarar: kwalba da dutse a ɗaure, a toshe bakinta da abin da aka sa wa zare, a sauke ta ƙasa, a fizge, a janyo a ɗanɗana. In da gishiri, saukar da ƙugiyarka ƙasa. Kifin nan da ake kira bonga dai ba ruwanta, tana jure ruwan da ya gauraya, ita ce ke riƙe da yawancin masu banda a wannan gaɓar.

Hadarin farkon damina a can ba ya sallama. Iskar da aka saba da ita daga teku take busowa, daga kudu maso yamma, to sai baƙo ya zuba ido can. Guguwar Maris da Afrilu kuwa daga gabas take tasowa, daga tudu, wato tana tura ka cikin teku ne. In ka ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke ɗif, yanke shawara nan take, ko da za ka bar rabin kalli. Kuma jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen ciki irin na madatsa ba na igiyar ruwa ba ne. Kada ka ba igiya haƙarƙarin jirgi, ba ta hanci. Wuri mafi sharri shi ne bakin kogi sa'ad da ruwa ke fita yana karo da igiyar da ke shigowa. Jira ya fara cika. Rigar da ke hana nutsewa kuma sa ta ake yi, ba a zama a kanta. Na san ana yi wa mai sa ta dariya. A yi.

Maganar koto gajera ce: tanar ƙasa, tsutsar nan, ba ta daɗewa a gishiri. Jatan lande ɗanye ko yankan bonga. In kana yawan janyo zare ba ƙugiya, barakuda ce, kifin nan mai kaifin haƙori, sa ɗan guntun waya a gaba.

Gishiri yana cin ƙarfe fiye da yadda za ka yarda. Ƙugiyoyin da na zo da su daga kasuwar Garwa, cikin sati biyu sun yi jajir, suna karyewa a bakin kifi. Inji ya fi ban tausayi. Wanda ya ci bashi ya sayi Yamaha mai doki 15 ya riƙa kifa shi a rumfa ba wanki, gishiri zai toshe masa hanyar ruwan da ke sanyaya shi. In ka sauko, sa ƙafarsa a durom na ruwan daɗi, tayar da shi ya yi 'yan mintuna, shafa giris a kusoshi. Ruwan sha ma ka ninka abin da kake zato, tunda nan ba a kamfata daga gefen jirgi. Alwala dai ta halatta da ruwan teku, wannan malamai sun gama magana a kai.

Mu 'yan Garwa mun san kunamar ruwa, kifin nan mai faɗi da ƙaya mai dafi a wutsiya, har masana da suka rubuta bayanin ta Binuwai a 1962 da sunan garinmu suka laƙaba mata suna. A gida ta yi wuya yanzu, a bakin teku kuwa danginta na kwance cikin yashi inda ruwa bai kai gwiwa ba. Ja ƙafa ake yi, ba a ɗagawa a taka. Haka kifin da ake kira mashwaron, mai ƙaya uku kamar kurungu, sai dai tasa da dafi. In aka soke ka, bar ƙulla tsumma da tsaga wurin da reza. Tsoma shi a ruwan zafi iyakar wanda fata za ta jure, rabin awa ko fiye, zafi ke karya dafin, sannan ka je asibiti a duba ko ƙaya ta karye a ciki, a yi maka allurar tetanus.

Asarar da ta fi yi mini ciwo a kan tudu na yi ta. Na samu bonga mai yawa, na ce in shanya kamar yadda muke yi a gida, inda iskar Maris ke busar da kifi ƙayau cikin kwana biyu. Iskar Duwala jiƙaƙƙiya ce, rigar da ka wanke ma sai ta yi tsami kafin ta bushe. Kwana biyu tsutsa ta shiga. Can ƙanƙara ce ko banda, kuma bandar sai ta bushe har ciki. Wadda za a kai Arewa, a riƙa mayar da ita kan wuta duk bayan 'yan kwanaki, a sa ta a kwando, kada a ɗaure ta a leda, in ba haka ba kafin Ngaundere ta yi furfura.

Sai suna. Wani ɗan kasuwa daga Marwa ya bugo mini waya ya ce, "Malam, a haɗa mini kafiten kilo hamsin." Na haɗa, na aika. Ya kira yana sababi wai na cuce shi. Shi giwan ruwa yake nufi, don shi muke ce wa kafiten a Arewa. A kasuwar Yupwe ta Duwala kuwa kafiten wani kifi ne dabam, ɗan teku, mai zare-zare a ƙarƙashin wuya kamar gemu. Tun daga ranar, kafin in karɓi kuɗin kowa sai na ɗauki hoton kifin na tura masa ta WhatsApp, ya gani ya ce shi ne.