Yadda Mai Bi Zai Dogara ga Jagorar Allah a Lokacin Duhu

Masu bi a Kaduna sun san wahala ido da ido. Wasu iyalai sun bar gidajensu bayan rikicin shekarar 2000, wasu magidanta sun zauna babu aiki tun da masaƙun Kakuri suka rufe, kuma a watan Yuli na 2021 iyaye suka wayi gari da labarin sace ɗalibai fiye da ɗari daga makarantar Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun. A irin wannan hali, abin da ya fi damun mai bi shi ne yadda zai gane nufin Allah alhali ba ya ganin komai a gabansa.

Ka fara da Ishaya 50:10-11. Wanda annabin ya ce yana tafiya cikin duhu babu haske, mutum ne mai tsoron Ubangiji, mai biyayya. Saboda haka kada ka ɗauka cewa kowace wahala hukuncin zunubinka ce. Aya ta 11 kuwa gargaɗi ce ga masu hura wa kansu wuta domin su bi haskenta. A zamaninmu wannan wutar ita ce sayar da gona cikin gaggawa, ko cin bashi mai ruwa, ko zuwa wurin mai duba, ko wurin wanda yake kiran kansa annabi yana sayar da ruwa da man shafawa a kwalba. Duk shawarar da ba za a iya warware ta ba, ka jinkirta ta har hankalinka ya kwanta, sai fa idan rai ne ke cikin haɗari.

Kada ka raina jiki. Da Iliya ya gudu daga Yezebel ya roƙi mutuwa a jeji, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa har sau biyu, sai daga baya Ubangiji ya yi masa magana a Horeb (1 Sarakuna 19). Azumi yana da lokacinsa, amma wanda ya kwana uku bai runtsa ba, barci da abinci yake bukata kafin ya iya rarrabe muryar Allah da ta fargabarsa. Idan baƙin ciki ya daɗe har ya hana ka aiki, ka ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa, kuma zuwa can ba rashin bangaskiya ba ne.

Yawancinmu muna so Allah ya nuna mana ƙarshen hanya tun daga farko, amma ba haka ya saba yi ba. Zabura 119:105 ta kira maganarsa fitila ga ƙafafu, kuma duk wanda ya taɓa ratsa tsakar gida da fitilar ƙwai bayan an ɗauke wuta ya san taki biyu ko uku kawai take haskawa. Don haka kowace safiya ka tambayi kanka abin da ya riga ya bayyana sarai a yau: kai yara makaranta, neman gafarar wanda ka yi wa kaushin baki, miƙa takardar neman aiki, faɗa wa mai binka bashi gaskiya. Ka yi wannan, ka bar na jibi. Doguwar hanya ma ba alamar ɓata ba ce, domin Fitowa 13:17 ta nuna cewa da gangan Allah ya kauce da Isra'ilawa daga gajeriyar hanyar ƙasar Filistiyawa, don kada su ga yaƙi su koma Masar. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, kuma abin da ya yi a tsakani shi ne riƙe amanar gidan Fotifar da ta kurkuku.

A wajen addu'a, ka faɗi gaskiyar zuciyarka. Zabura 88 ta fara da kuka, ta ƙare da duhu, duk da haka tana cikin Littafi Mai Tsarki. Idan bakinka ya yi nauyi, ka karanta ta ko Zabura 13 da ƙarfi, su zama addu'arka ta ranar.

Idan ka ji kamar Allah yana bi da kai wata hanya, ta mafarki ko ta wani tunani mai ƙarfi, ka gwada shi kafin ka motsa. Abin da ya saɓa wa Littafi Mai Tsarki, kamar ramuwar gayya, ba daga wurinsa yake ba, komai daɗin da ya yi maka. Sannan ka kai maganar gaban fasto ko dattawan ikkilisiya biyu waɗanda ba su da riba a cikinta, bisa ga Karin Magana 15:22. A ganina, nan ne da yawa suke tuntuɓe, domin kunya tana sa mutum ya daina zuwa sujada daidai lokacin da ya fi bukatar jama'a. Ka ci gaba da zuwa ko da ba ka iya buɗe baki a waƙa, ka kuma sanar da Zumuntar Mata ko ta Maza ainihin abin da ya ƙare a gidanka, ko hatsi ne ko kuɗin makaranta, domin su san ta inda za su taimaka.