Yadda Ake Kula da Kuskuren da Ke Tasowa Wajen Rufe Fayil a Manhaja

A ce wani dillalin albasa a Sakkwato ya ba ka aikin manhajar da za ta riƙa adana lissafin buhunan da ake loda wa tirela zuwa Kudu. Abin da manhajar ta rubuta ba ya sauka a faifai nan take, yakan ɗan tsaya a ma'ajiyar wucin gadi, sai wajen rufe fayil ragowarsa ke sauka. Idan faifai ya cika a wannan gaɓar, close(), wato umarnin rufe fayil, shi kaɗai zai ba ka labari, kuma in ba ka saurare shi ba, lissafin ranar zai salwanta alhali dillalin ya ga saƙon cewa an adana.

Da farko ka duba dalilin buɗe fayil ɗin. Idan don karatu ne kawai, ya isa ka sa kuskuren a kundin kurakurai ka wuce. Idan kuwa don rubutu ne, gazawar rufewa gazawar aikin ce baki ɗaya, dole a sanar da mai amfani.

Sannan kada ka bari kuskuren rufewa ya danne na asali. A harshen rubuta manhaja na Java, kuskuren da ya taso cikin finally, wato sashen da ke gudana a ƙarshe ko an samu kuskure ko ba a samu ba, yakan maye gurbin wanda ya fara jawo matsalar, sai ka ɓata yini kana neman cuta a inda ba ta. Java 7, wadda ta fito a 2011, ta zo da try-with-resources, mai rufe abubuwan da aka buɗe daga na ƙarshe zuwa na farko, ya jefa kuskuren asali, ya liƙa masa na rufewa yadda za ka iya ciro shi da getSuppressed(). A harshen Python ka yi amfani da with, mai rufe fayil da kansa idan an gama aiki da shi. A harshen Go kuwa, defer f.Close(), mai jinkirta rufewa zuwa ƙarshen aikin, shi kaɗai watsar da kuskuren yake yi, don haka ka karɓe shi ka mayar wa wanda ya kira aikin.

A Linux, kada ka sake kiran close() bayan ya gaza, domin an riga an saki lambar da Linux ya ba fayil ɗin lokacin buɗe shi, mai yiwuwa ma wani sashe na manhajar ya karɓe ta. Nasarar rufewa kuma ba ta nufin bayanan sun zauna a faifai, saboda haka a garin da ake yawan ɗauke wuta, ka kira fsync(), mai tilasta saukar da bayanan a faifai, kafin rufewa.

Daga nan ka gwada ta hanyar rubuta ɗan gajeren layi zuwa /dev/full, wani fayil na musamman a Linux wanda kullum ke amsawa da ENOSPC, wato kuskuren cikar faifai, ka ga ko manhajar za ta gaya wa dillalin cewa ba a adana ba.