Kurakuran da aka fi yi wajen ba 'yan kasuwa kaya bashi

Kuskuren farko shi ne dogaro da tarihi: "Ai Alhaji bai taɓa saɓa alkawari ba." Amanar mutum daban, ƙarfin biyansa daban. Dilan da ke sayo kaya da dala ya sayar da naira, komai gaskiyarsa, canji na iya durƙusar da shi. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yanke mata farashi, dala ta tashi daga kusan 460 zuwa sama da 700, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Bashin dala dubu ɗari da ke daidai da naira miliyan 46 ya koma miliyan 150, ba tare da wanda ake bi bashin ya ci kobo ba. Tambaye shi da wane kuɗi yake saye, da wane yake sayarwa. Sannan ka lissafa: in canji ya ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, ribarsa za ta ɗauka?

Wasu kuma suna duba kamfani su manta da ƙasarsa. Mai sayenka na iya riƙe da kuɗi a hannu amma ya rasa hanyar turo su. Gana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disambar 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka, kaya suka maƙale a Jibiya da Illela tsawon watanni. Sefa tana ɗaure da yuro, don haka matsalar can ba canji ba ce, hanya ce. Maganinsa kafin alƙalami mai kauri, ko takardar lamunin banki, da gajeren wa'adi.

Ɗaukar riba a matsayin tsabar kuɗi ma yana halaka jari. Ɗan kwangilar da ke bin gwamnati kuɗi yana da riba a takarda, aljihu kuwa wayam. Nemi bayanan asusunsa na wata shida, ka bincika sunansa a CRC Credit Bureau ko FirstCentral, kamfanonin da ke adana tarihin bashin mutane, ka tabbatar da rajistarsa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya.

Sai tara ƙwai a kwando ɗaya. Masu saye goma da dukansu kiwon kaji suke yi, mai saye ɗaya ne: masara ta yi tsada, su faɗi tare. Kada wani mutum guda ya riƙe fiye da kashi 10 zuwa 15 na bashin da kake bi. Wanda ya saba biya a kwana 30 ya fara kai 45, tsayar da sabon kaya har ya sauke tsohon.