Baktiriya da gishiri: inda ɗalibai ke yin tuntuɓe

Duk sanda tambayar yadda baktiriya ke jure wa gishiri ta fito a jarrabawa, ɗaliban nazarin ƙananan halittu a nan Kaduna wuri ɗaya suke fara zamewa. Sai su rubuta cewa gishiri ne ke shiga ƙwayar ya kashe ta. Ba haka ba ne, ruwa ne ke fita. In gishiri ko sukari ya yi yawa a waje, ruwan ciki yakan tsiyaye ta fatar ƙwayar, ta yanƙwane, rabuwa ta tsaya. Duk abin da za ta yi daga nan, neman dawo da ruwan take yi.

Masu hadda kuwa sukan jero sinadaran da ƙwayar ke tarawa a ciki don jawo ruwan, wato fotasiyam da tirehalos (wani nau'in sukari) da bitayin, kamar tare suke zuwa. Akwai tsari. Baktiriyar E. coli takan fara zuƙo fotasiyam cikin 'yan mintuna, ta ƙera sinadarin gulutamet don daidaita cajin lantarkinsa. Agajin gaggawa ne kawai, domin fotasiyam in ya yi yawa yana takura wa aikin furotin. Daga baya sai ta haɗa tirehalos, ta rage fotasiyam ɗin. Amfanin tirehalos da bitayin da sauran sinadarai irinsu, wato firolin da ektoyin, shi ne ana iya tara su da yawa a ciki ba su hana komai tafiya ba. Ka rubuta wannan dalilin, shi malami ke nema.

Kada kuma ka ce kowace baktiriya tana ƙera komai da kanta. E. coli ba ta iya haɗa bitayin sai ta sami sinadarin kolin daga waje, ta sarrafa shi a matakai biyu. In ma ta tarar da bitayin a shirye, ɗauka take yi, don ya fi arha. Bacillus subtilis firolin take ƙerawa, Halomonas elongata kuwa ektoyin, wanda aka fara bayyanawa a 1985, yanzu har cikin man shafawa ake sa shi. Halobacterium salinarum ba baktiriya ba ce, akiya ce, wato wani rukuni daban na ƙananan halittu, kuma gishirin fotasiyam take cusawa cikinta.

Kusan babu mai tunawa da akasin lamarin. In ruwan sama ya tsinka gishirin, ruwa kan kwararo ciki, sai ƙofofin fatar ƙwayar da ake kira MscL da MscS su buɗe su zubar da abin da aka tara, in ba haka ba ƙwayar ta fashe.

Kuskuren da ya fi damuna ya wuce aji: zaton nama mai gishiri ya kuɓuta. Baktiriyar Staphylococcus aureus tana girma a farantin ɗakin gwaji mai gishiri kashi 7.5 cikin ɗari, kuma gubarta ba ta lalacewa da dafuwa. Mai shanya kilishi ko naman layya ya wanke hannu, ya bar naman ya bushe ƙayau kafin ya adana.