Yadda za ki kai ƙananan yara ƙauye hutun kaka

Hutun tsakiyar zangon farko yakan faɗo wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, wata makarantar ta ba da kwana uku, wata mako guda. A birni kwanakin nan ba su da wani armashi, yara na ɗaki suna rigima a kan waya. A ƙauye kuwa lokacin ne duniya ta yi daɗi: ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, ana cirar gyaɗa, ana roron wake, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran yanka. Shekara huɗu ke nan ina kwasar nawa uku mu tafi gidan kakanninsu a irin wannan lokaci, kuma abin da na fi koya shi ne wannan: da kaka babu mai zaman banza a ƙauye, don haka babu wanda zai yi miki reno. Wadda ta tafi da niyyar ta miƙe ƙafa ta bar wa dangi yara, ita da hutu sai dai ta ji a bakin wasu. A kan wannan za ki gina duk shirinki.

Mataki na 1: Ki yi waya tun da saura mako biyu

Ba sallamar "ga mu nan tafe" kawai ba. Ki tambayi surukarki ko mahaifiyarki aikin da ake ciki, domin shi zai gaya miki irin kayan da za ki ɗauka da irin haɗarin da za ki tsare. In ana sussuka, akwai ƙaiƙayi da ƙura, mai asma cikin yaranki sai an yi masa tanadi. In gyaɗa ake ɓara, tsakar gida cike take da ƙwayar da ɗan shekara biyu zai jefa a baki. Ki tambayi ɗakin da za ku kwana, da abin da ke cikinsa yanzu. Zan dawo kan maganar ɗakin nan, don ita ce mafi girma.

Sai halin hanya. Maigida ya tambayi direbobin tasha da mutanen garin, ba 'yan Facebook ba. Ku tashi da sassafe, ku isa da rana tsaka. In aka ce hanya ba daɗi, a haƙura, gero ba zai gudu daga rumbu ba.

Mataki na 2: Kayan tafiya

Gidan sauro shi ne farko, kafin ko ɗan kamfai ya shiga jaka. Mutane na ganin da ruwa ya ɗauke sauro ya tafi, alhali ƙarshen damina da farkon kaka na cikin lokutan da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara, saboda kududdufai ba su ƙafe ba tukuna. Maganin rigakafin nan da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata na kwana uku, a yawancin jihohin arewa yana ƙarewa ne wajen Oktoba. In zagayen ƙarshe ya faɗo kuna ƙauye, ki tafi da katin yaron, ki nemi masu rabon can. Ki haɗa da igiya da ƙusa huɗu, don ba kowane ɗakin ƙasa ke da wurin rataya ba.

Takalmi sau-ciki ga kowane yaro, ba silifa ba. Kututturen karan da aka yanke kamar wuƙa yake, ga ƙaya, ga ƙarangiya. Rigar sanyi ɗaya-ɗaya, domin asubar ƙauye a Nuwamba ta fara cizo tun kafin hunturu ya kankama. Man kaɗanya ko basilin saboda kaushi da fashewar leɓe. Tocila mai kyau. Farasitamol na yara, gishirin ORS da ake haɗa wa mai gudawa kamar ƙulli shida, da ƙwayar zinc da ake ba shi tare.

Kayan sawa kuwa ki ɗauki tsofaffi. Shekarar farko na tafi da 'yata da rigunan Sallah, sai da na yi da-na-sani. Rana ɗaya jar ƙasa ta gama da su.

Tsaraba ba sai na koya wa 'yar Bahaushe ba: sabulu, sukari, ganyen shayi, goro ga tsofaffi, alewa ga yaran gida. Abin da zan ƙara shi ne ki miƙa wa yaranki su kai da hannunsu, su durƙusa su gaisar. Daga nan ake fara sabo.

Mataki na 3: Ranar isowa, ki zagaya gidan da idonki

Bayan an sha ruwa an gaisa, kafin yara su bazu, ki ɗauki ƙaramin ki zaga. Ina rijiya, tana da murfi? Ina murhu? Ina turken shanu da jaki? Ina aka jingine lauje da magirbi? Ba raini ba ne, yaran gidan sun san waɗannan tun suna rarrafe, naki ne baƙi.

Yanzu ɗakin kwana. Da kaka kowane lungu ya zama ma'ajiya, kuma sau da yawa ɗakin baƙi shi ne aka jibge buhunan wake. Ki tambaya kai tsaye: "Inna, an sa wa waken nan magani?" Akwai ƙwayar da ake naɗewa a tsumma a cusa cikin buhu don kashe ƙwari. Iska mai guba take fitarwa a hankali, kuma tana iya kashe mutumin da ya kwana a rufaffen ɗaki tare da ita, yara sun fi saurin tafiya. In an sa, ba ku ba kwana a ɗakin, ko da an fitar da buhunan a ranar, ko ɗakin da ke manne da shi in akwai kafa a bango. Gara ku shimfiɗa tabarma a ɗakin Inna a matse. In kina da hali, tsarabar da ta fi atamfa amfani ita ce buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe musu iska ba tare da magani ba. Na kai wa Baffa guda biyar shekaru biyu da suka wuce, yanzu shi ke aikowa a sayo masa.

Galan ɗin maganin feshi da aka yi amfani da shi da damina ma ki duba, kada a ce an mai da shi na ɗiban ruwa.

Mataki na 4: Ki tsara yini bisa aikin gidan, ba bisa agogonki ba

Gidan manomi da kaka yana tashi da asuba. Kafin hantsi maza sun tafi gona, mata sun hau daka. In kin bar yaranki suna barci har ƙarfe tara kamar a birni, za su tashi su tarar an sha koko an watse, su yini suna bin ki suna ƙunƙuni. Ki kwantar da su da wuri, su tashi tare da kowa.

Da safe, in gonar ba nisa, ki bi su da yaran na awa ɗaya ko biyu, ku dawo kafin rana ta take. Da rana a zauna a inuwa, ƙananan su yi barci. Da la'asar a sake su cikin yaran gida.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne ba kowane yaro aikinsa na gaske, ba na wasa ba. Yaro yana gane bambanci. Ɗan shekara uku zai iya korar kaji daga shanya, a ba shi ɗan kara a ce shi ne sarkin shanya, zai tsare ta da gaske har ya hana kakarsa wucewa. 'Yar shekara biyar za ta iya ɓarar wake a faifai, ta tsince tsakuwa. Ɗan shekara shida ko bakwai ya isa kala: bayan an cire gyaɗa, ya bi kunya da 'yar ƙwarya yana tono wadda ta maƙale a ƙasa. A al'ada abin da yaro ya kalato nasa ne. Babban ɗana ya tara abin da bai kai rabin kwano ba a kwana uku, Goggonsa ta saya a hannunsa da kuɗi sabbi, ta ƙirga masa a tafi ɗaya bayan ɗaya. Har muka dawo gida kuɗin na cikin safarsa, ya hana a taɓa.

In an zo fitar da zakka, ki kira su su gani. Amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, ɗaya bisa goma ake fitarwa, shi ya sa za su ga ana ƙirga dami tara ana ware na goma gefe. Lissafin da malami ya yi wata yana koyarwa, a bakin rumbu cikin minti biyar yake zama.

Inda ba za su je ba kuwa: kusa da injin sussuka. Bel ɗinsa a buɗe yake, mai injin kuma hankalinsa na kan buhu.

Mataki na 5: Maciji, kunama da kududdufi

Ki zaunar da su ki faɗa musu da baki, ki maimaita kowace safiya: ba a cusa hannu ƙarƙashin dami, ko tarin harawa, ko kara, ko rami. Ɓeraye na bin hatsi, maciji na bin ɓeraye. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, kuma ita ce ta fi yi wa manoma ɓarna a ƙasarmu; ba banza ba aka yi asibitin saran maciji sukutum a Kaltungo ta jihar Gombe. Da dare ba mai fita fitsari sai da tocila da takalmi. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa, saboda kunama.

In tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, a nan za ki yi taurin kai ko da manya sun taru a kanki. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire awarwaro ko zobe kafin kumburi, a hana yaron tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Saboda haka tun ranar isowa ki san wane ne mai babur ko mota a kusa, ki karɓi lambarsa, ki san asibitin da ake samun allurar dafin maciji.

Kududdufi kuma, yaran gari za su ja naki su je wanka. A'a ce amsar. Ban da nutsewa, a irin ruwan nan ake ɗaukar tsargiya, sai bayan makonni ki ga yaro na fitsarin jini kina neman dalili.

Mataki na 6: Ciki

Abincin kaka ba ya buƙatar talla: tumu da aka gasa a bakin wuta aka murje a tafi, dafaffiyar gyaɗa, ɗanwake da man gyaɗa sabon matsa, faten kabewa, fura mai ɗumi. Ki bar su su ci. Iyaka biyu kawai nake sawa. Yaron da bai kai shekara biyar ba ba na ba shi gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, tana iya sarƙe shi ta faɗa hanyar numfashi. A daka masa ko a dama kunun gyaɗa. Gyaɗar da ta yi funfuna ko ta yi ɗaci kuma a zubar, kada a ce a ba yara don ba ta sayuwa.

Ruwan sha shi ne inda ake samun saɓani da dangi. Ki tafasa na yaranki ki zuba a jarka mai murfi, ba tare da dogon jawabi ba. In Inna ta ce "mu da muke sha mun mutu ne?", ki yi dariya ki ce cikin 'yan birni ne ba ƙwari. Ta fi son jin haka a kan a ce randarta ce ba tsabta. In gudawa ta zo duk da haka, a haɗa ORS da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ƙullin, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, da zinc kullum na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da abinci da nono. In ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko akwai jini, sai asibiti. Zazzaɓi kuwa a yi gwajin jini a ranar, kada a tsaya cewa canjin ruwa ne.

Mataki na 7: Dare na kakanni ne

Wannan ba sai kin yi komai ba, illa ki ɓoye waya. Bayan tuwo, in an shimfiɗa tabarma, ki tura su wajen tsohuwa. Bahaushe da ya kira lokacin girbi kaka, ya kuma kira mahaifiyar uba kaka, ni dai ban ga ya yi kuskure ba. Daren farko za su yi tsuru-tsuru, ba su san ana amsa "Ga ta nan, ga ta nanku" da "Ta zo mu ji ta" ba. Dare na uku za ki ji ƙaramin yana gyara wa babban labarin Gizo da Ƙoƙi. Ki gaya wa 'yarki tun a mota cewa in kakarta ta kira ta kishiya, ta ce za ta ƙwace mata miji, wasa ne. Tawa ba wanda ya gaya mata, ta fashe da kuka ta ce ita ba ta son tsoho mai furfura, gidan ya kwashe da dariya, har yau da shi ake tsokanarta.

Da rana kuma ki roƙi wani yaron gidan ya koya musu yin motar kara. Ɓargon kara, ɓawonsa da aka fere siri-siri, da haƙuri, shi ke nan kayan aikin. Fera da reza aikin babba ne.

Mataki na 8: Komowa

Ku dawo da saura kwana guda a koma makaranta, don a yi wanki, a duba kai da tsakanin yatsu, barci ya koma daidai. Makonni biyu na farko duk zazzaɓin da ya taso ki kai gwaji, ki gaya wa ma'aikacin lafiya kun yi tafiya.

Za a haɗo ku da kaya fiye da abin da but ɗin mota zai ɗauka: gyaɗa, wake, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, wataƙila har da zakara ɗaure da ƙafa. Kada ki ce ya yi yawa, ba a mayar da hannun kyauta. Waken dai ki sake tambaya ko an sa masa magani kafin ya shiga mota ɗaya da yara. Zakaran kuma ki san yadda za ki yi da shi, domin kafin ku kai kwalta yaran sun raɗa masa suna, kuma daga ranar ba mai yanka shi a gabansu.