Yadda Ake Ɗaure Gaɓar Rafi da Jema

Yawancin masu lambu a bakin rafi, idan suka ga ruwa ya fara cin gaɓa, sai su sayo dashen dalbejiya ko turare su jera a samanta, su ɗauka an gama. Ni ma na taɓa yin haka, kuma a daminar farko ruwa ya rarake ƙasar da ke ƙarƙashin itatuwan, gaɓar ta rufto da su, na iske saiwoyinsu a sama kamar an tuge su da hannu. Daga gindi ruwa yake cin gaɓa, don haka daga gindi ake fara aiki.

A bi rafin da rani a duba inda yake lanƙwasa. A gefen waje na kowace kwana ruwa ya fi gudu, can yake yankar ƙasa ya bar gaɓa a tsaye kamar bango, a cikin kwanar kuwa gudunsa yana raguwa har ya zube yashi. Cikin kwana ba ya bukatar ko kwabo, ciyawa za ta kama shi da kanta.

Gaɓar da take tsaye ba ta riƙe shuka, saboda haka a zaftare ta da diga da shebur har ta kwanta, duk mita 1 na tsayi a ba shi kusan mita 2 na gangare. Mai gona yakan ji zafin rasa kunya biyu ko uku a nan, amma ruwa zai ɗauki fiye da haka idan aka bar shi. A jera duwatsu a gindin gaɓar, ko buhunan yashi inda dutse ya yi tsada, ko da yake rana tana cinye buhu da wuri.

Sai dashen jema, ciyawar fadamar nan mai doguwar saiwa, kuma a nan aka fi kuskure. A tono tushenta a fadama, a tsattsaga shi yadda kowane dashe zai zo da 'ya'ya 2 ko 3, a rage ganyen zuwa santimita 20, saiwar kuma zuwa 10. Layin farko ya bi kan duwatsun nan, sauran su hau gangaren da tazarar mita 1, amma tsakanin dashe da dashe kada a wuce faɗin tafin hannu. Masu son tattalin iri sukan buɗa tazarar, sai ruwa ya sami kafa ɗaya ya taru a cikinta, ya haƙa kwari a inda babu shi a da. Idan layin ya haɗe, ganyen yana karya gudun ruwa, laka ta kwanta a bayansa, gaɓar ta riƙa cikowa shekara bayan shekara, saiwar kuwa tana nutsawa ƙasa fiye da tsayin mutum ta ɗinke ƙasar. A dasa a watan Yuni da zarar ƙasa ta jiƙa sosai, domin dashen da bai kama ba kafin ambaliyar Agusta na ruwa ne. Duk wanda ya mutu a maye gurbinsa a makon.

Itatuwa a shekara ta biyu ake sa su, a can saman gaɓa, kuma na fi son giyayya da bagaruwa domin suna jure tsayuwar ruwa. A yi shingen ƙaya, a zauna da makiyaya a ware mashaya guda. Cikin rafin kansa a bar shi a buɗe, kada a ƙyale kachala, doguwar ciyawar da ke tsirowa a kwantaccen ruwa, ta kafu. Bayan gina madatsar Tiga a 1974, ruwa ya koma kwanciya a hanyoyin kogin Haɗeja rani da damina, kachala ta toshe su a yankin Haɗeja da Nguru, ruwan ya riƙa kaucewa yana malala cikin gonaki.