Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Aron Littafi a Unguwa

Ba kowa ke da laburare kusa da gida ba. Mazaunin birnin Kano na iya hawa adaidaita sahu zuwa Laburaren Murtala Muhammad, amma matar da ba ta cika fita ba fa, ko ɗalibin ƙauye? Alhali littattafai na nan jibge a gidajenmu, cikin kwali, ƙarƙashin gado, gara na cin su. Abin kuma ba baƙo ba ne: mata sun daɗe suna hayar littattafan hikaya a tsakaninsu, malamai tun zamanin da suna ba juna aron littafi a kwafa da hannu.

Da farko, ku haɗu mutum biyar zuwa goma da kuka yarda da juna: maƙwabta, 'yan Islamiyya ɗaya, ko abokan majalisa.

Kada ku kwashe littattafan ku tara wuri ɗaya. Nan ne mutane ke ja da baya, kuma da gaskiyarsu. Kowa ya riƙe nasa a ɗakinsa. Sunaye kawai za a haɗa: na littafi, na marubuci, na mai shi. A rubuta a littafi mai bango mai kauri, a ɗauki hoton shafukan a tura WhatsApp. Wanda ke da littafin da ya gada wurin mahaifinsa, ba ya son ya fita, a bar masa abinsa ba gori.

Sai a zaɓi mai riƙe rajista, mutum mai tsare amana wanda ba ya jin nauyin tuni. Shi zai rubuta wa ya karɓa, yaushe, kuma ranar mayarwa. Mako biyu ya isa, mai ƙarin buƙata ya nemi izini.

Doka mafi muhimmanci: ba a ba da aron abin aro. Yawancin littattafan da suka salwanta ta nan suka bi, ƙawa ta ba ƙanwarta, ƙanwa ta ba 'yar ajinsu, shi ke nan. Wanda ya ɓatar ko ya yaga, ya sayo wani.

Kafin littafi ya fita, a rubuta sunan mai shi a ciki, a yi masa riga da tsohuwar kalanda, da damina kuwa a sa shi a leda.

Idan tafiya ta miƙa, ku riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata kamar adashe, a sayo littafin da aka fi nema, a ajiye wurin mai rajista.